Teburin yanka ya shigo, keke ya koma gefe

Asabar, da dare.

Fentin ɗakin ɗinki ya bushe, warinsa ma ya ragu sosai tunda tagar a buɗe ta kwana. Mai ruwa ne, ba mai mai ba, shi ya sa bai ba mu wahala ba. Fari na zaɓa, ba fari fat ba, mai ɗan sirkin toka. Ƙanina da ya taya ni shafawa har yau bai huce ba, shi ruwan hoda ya so, wai ɗakin ya fi kyau a hoto. Ni kuwa ba hoto zan ɗinka a ciki ba. Bango yana mayar da hasken da ya sauka a kansa tare da launinsa. In bangon kore ne, farin yadi sai ya riƙa yi wa ido kore-kore, mutum ya zaɓi zaren da yake ganin ya hau, sai an sa kayan an fita rana a ga ɗinkin ya fito daban.

Da hantsi kafinta ya iso da teburin yanka a wargaje, saman daban, ƙafafu daban. Wannan teburin shi ne dalilin gyaran gaba ɗaya. Duk wanda ya leƙo ɗakin ɗinki keke yake fara kallo, amma mai ɗinki ta san inda lokacinta yake tafiya: shimfiɗa yadi, awo, zane da alli, yanka, kafa fil. Zaman kan keke shi ne mai sauƙin. A da a ƙasa nake yanka, a durƙushe, ko kuma a kan gado, inda katifa ke lotsawa almakashi ya kauce. Bayana ya daɗe yana kai ƙara.

Saman teburin daga falan filawud ɗaya aka fitar da shi. Falan yakan zo ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Ɗakin ba zai ɗauki ƙafa 8 ba, sai muka rage shi zuwa 6, faɗin kuwa na ce kada a taɓa. Ƙafa 4 inci 48 ke nan, yadi mai faɗin inci 45 zai kwanta a buɗe ba tare da ya zubo ba, mai inci 60 kuma in an ninka shi biyu ya koma 30, har da sauran wurin ajiye tef da almakashi.

A kan tsayi muka yi ja-in-ja. Kafintan ya bar ƙafafun da tsawo kamar yadda na roƙa, amma ya zo da zartonsa da niyyar datse su.

"Hajiya, teburi ai inci 30 ne. Duk wanda na taɓa yi haka yake."

"Na zama ke nan, Malam. Wannan a tsaye ake aiki a kansa."

Bai ce komai ba, amma fuskarsa ta nuna bai gamsu ba. Sai na shimfiɗa wani tsohon zanen gado a kan teburin keke, wanda tsayinsa inci 30 ɗin ne, na miƙa masa almakashi na ce ya yanka mini daga wannan gefe zuwa wancan. Bai kai rabi ba ya miƙe yana dafa ƙugu yana dariya. Awon ba wuya gare shi: mutum ya tsaya da takalmin da yake aiki da shi, ya lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, a rage 'yan inci kaɗan don almakashi ya samu wurin tafiya. Ga mai matsakaicin tsayi abin yakan faɗa wajen inci 36, kusan santimita 90. Nawa ma nan ya faɗa.

Shi ma ya kawo tasa, kuma ta fi tawa amfani. Da ya ga tayoyin da na tanada, masu birki, sai ya ce a fara auna su kafin a taɓa ƙafa, domin tsayinsu zai hau kan na teburin. Ya cire inci 4 na tayoyin da kaurin filawud ɗin daga lissafi, sannan ya yanka. Ya kuma goge kusurwoyin ya mulmula su, ya bi gefen da siririn katako, saboda bakin filawud yana da tsartse, yana jan zaren yadi mai santsi. A ƙasa ya kafa kanta ɗaya mai faɗi ta ajiye bandir. Mai sana'a dai mai sana'a ne.

Teburin a tsakiyar ɗaki ya zauna, gajeren gefensa ɗaya jingine da bango, ina iya zagaya shi ta ɓangare uku. Ƙanina ya ce ya cinye ɗakin. Ya cinye ɗin, dama nasa ne.

Keke kuma ya koma jikin bango kusa da taga, yadda hasken zai zo ta hagu. Allurar keke a ƙarshen hagu take, gangar jikinsa da ƙafar juyawa suna dama, don haka hasken da ya zo ta dama jikin keken ne yake tare shi. In taga tana baya, inuwar mai ɗinki ce take faɗawa kan allura. In tana gaba kai tsaye, ido ya yi ta kashewa da rana. Na bar fili a hagun keken da bayansa, domin nan yadi yake zuba in ana ɗinka abu mai girma kamar labule. In ya rasa wurin kwanciya nauyinsa yakan ja, ɗinki ya karkace.

Sai tsohon keken ƙafa, baƙin nan mai kan ƙarfe da na gada. Mu uku muka ciccibe shi. Ƙanina yana nishi yana cewa, "Yaya, wannan fa ya kamata a sallame shi, kina da na lantarki." Ban ko amsa masa ba. Irin waɗannan kekunan a kan tsarin Singer mai lamba 15 aka ƙera yawancinsu, tsarin da ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19, kamfanoni da yawa suka kwaikwaya, shi ya sa kwarkwaronsa da ƙoshiyarsa ba sa wuyar samu har yau. Ɗinki ɗaya ya iya, miƙaƙƙe, amma ka sa masa allura mai lamba 16 ka ba shi jins ninki huɗu, zai wuce ba gardama. Na buɗe ledar da na naɗe shi da ita saboda ƙurar gyara, na share gashin yadi da ya taru a ƙarƙashin haƙoran da ke jan yadi, na ɗiga masa mai a kowane rami. Man keke, farin nan mai ruwa-ruwa. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo, ya riƙe keke, kuma ban san dalilin da ya sa har yanzu ake ba wa mutane wannan shawarar ba.

Kafet ɗin ɗakin mun naɗe shi tun farkon aiki, ba zai dawo ba. Da muka ɗaga shi, fil da karyayyun allurai da suka nutse a ciki sun isa su firgita duk mai yaro mai rarrafe. Yanzu leda ce mai kauri, lafiyayya, fil in ya faɗi ana jin ƙararsa ana kuma ganinsa. Ƙanina ya ciro mayen ƙarfe daga wata matacciyar sifika ya ɗaura a sanda, ya bi ɗakin lungu-lungu. Wannan aikin kam ya yi shi da daɗin rai.

Bayan la'asar na zauna da buhunan ƙyalle, nan kuma aiki ya tsaya cak. Kowane ƙyalle da labarinsa. Wannan ragowar rigar farko da na ɗinka wa 'yata ne, wancan na wata riga ce da mai ita ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Sai in ɗauka in juya in ajiye in sake ɗauka. Na sa wa kaina doka: abin da bai kai tafin hannu ba ya tafi buhun cusa matashi, abin da ya kai aljihu ko wuyan riga ya shiga kwando bisa launinsa, abin da ya haura rabin yadi a ninke shi ya hau kanta. Dokar ta yi aiki, ban da wasu 'yan ƙyallaye da na zura a durowa ba tare da na tambayi kowa ba.

Yadin kirki a kabad mai murfi zai zauna. Na ga masu jera shi a buɗaɗɗiyar kanta launi-launi, abin sha'awa, amma rana tana cin launi, kuma daidai kan ninkin da ke fuskantar taga take ci, sai ka warware yadi ka ga dogon layi ya koɗe a tsakiya. Kwali ma ba wurin ajiya mai tsawo ba ne, yana sa farin yadi ya yi ja-ja, leda mai ɗaurarren baki kuma tana riƙe danshi har ya yi fumfuna. Zare ma haka. Na bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ina ja tsakanin hannu biyu, wanda ya tsinke ba wuya na jefar, don wanda ya tsinke a hannu zai tsinke a jikin mutum.

Almakashi, tef, rula da abin farke ɗinki duk sun hau allo mai huji-huji da muka kafa a bango saitin teburin. Almakashin yadi na ɗaura masa jan ƙyalle, na kuma tara mutanen gidan na yi sanarwa: wanda ya yanka takarda da shi, ni da shi ne. 'Yata ta ce, "Umma, ko sau ɗaya?" Ko sau ɗaya.

Da duhu ya fara muka gwada fitilu. Tsohon ƙwan mai ruwan ɗorawa ne, 2700K aka rubuta a jikinsa, lambar launin haskensa ke nan, a ƙarƙashinsa baƙi da shuɗi mai duhu duk ɗaya suke. Sababbin LED ne masu 5000K, haskensu ya yi kusa da na rana, na kuma duba kwalin na ɗauki masu CRI 90, lambar da ke nuna yadda ƙwai yake fito da launi a kan gaskiyarsa. Doguwa ɗaya a saman teburin yanka, ƙarama mai lanƙwasa wuya a hagun keke. Na ɗora baƙin ƙyalle da shuɗi gefe da gefe, daga bakin ƙofa ma ana bambance su.

Abin da ya rage shi ne wurin guga, kuma ba ƙaramin abu ba ne, tunda kowane ɗinki sai an kwantar da shi kafin a ɗora wani a kansa. Ina son allon gugar a dama da keke, taku biyu kawai. Matsalar soket ce. Ɗaya ne tak a ɗakin, ƙanina ya ce a ja waya kawai a haɗa komai. Injin keken gida bai cika wuce wat 100 ba, dutsen guga kuwa yana jan 1000 zuwa sama da 2000, siririyar wayar ja ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi ta narke, a ɗakin da yake cike da yadi. Na kira mai gyaran wuta, ya ce Litinin da safe zai zo ya fitar wa dutsen da nasa soket. Kafin nan guga tana falo, kuma na gaya wa ƙanina ya zo da wuri, don sai an janye kabad kafin a fasa bangon.