Firaimar da na rubuta a juye

Har yanzu bututun yana cikin firiza, a akwatin da ke can ƙasa, da rubutun hannuna a murfinsa. Na kasa jefar da shi. Firaima ce a ciki, wato ɗan guntun zaren DNA da ke nuna inda za a fara kwafa, mai haruffa 20 kacal, kuma ita ta cinye min makonni uku cur, ban da sinadaran da na ƙarar, ban da zargin da na ɗora wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Wani guntun DNA mai tsawon haruffa kusan 600 nake son in ninka daga cikin wata ƙwayar gado da PCR, dabarar da ake kwafar guntun DNA da ita sau da yawa a cikin na'ura. Firaimomi biyu aikin ke buƙata, ta gaba da ta baya, kuma ni na tsara su da kaina, a takarda, don a lokacin gani nake yi manhajar kwamfuta ta ragwaye ce. Ta gaba ba ta da wahala, haruffa 20 na farkon guntun na kwafe yadda suke. Da na zo kan ta baya, sai na ɗauki 20 na ƙarshe, na sauya kowane harafi da abokin zamansa, A da T, G da C, na tura wa kamfanin da ke haɗa su. Ko sake dubawa ban yi ba.

A gwajin farko tsanin awo, wato ma'aunin tsawon DNA, shi kawai ya fito a jel ɗin da ake duba sakamako a kai, layukansa ras a gefe, ramukan nawa kuwa wayam. Ban damu ba, kowa ya san PCR ba ta cika yin kirki a karon farko ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

Daga nan na shiga kame-kame. Na taɓa zafin matakin da firaima ke mannewa da DNA, na jera bututai daga digiri 50 zuwa 62. Na ƙara magnisiyam. Na sake fitar da DNA daga tantanin halitta har sau biyu, wai ko na farkon ya lalace. Na ce Taq ɗin, wato sinadarin da ke gina sabon zaren DNA, shi ne ya mutu, har na fara yi wa wani abokin aikina kallon banza, saboda na taɓa ganin ya bar bututun a kan tebur ba ƙanƙara. Aka buɗe min sabo, shi ma ko ƙyas. Wata rana na sauke zafin har zuwa 45, sai ga wani dishi-dishi ya fito a jel. Daɗi ya kama ni har na ɗauki hoto. Ashe shirme ne, a wannan sanyin firaima takan manne duk inda ta ga ɗan kama, ta haifar da tarkace.

A mako na uku ne babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta gaji da ganina ina safa da marwa tsakanin na'ura da firiza. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauki DNA ɗina, da Taq ɗin nan da na yi wa jana'iza, ta haɗa su da wasu firaimomi nata da aka san suna aiki. Kafin yamma layi ya fito tas, mai kauri. Wato DNA lafiya lau, Taq lafiya lau, na'ura lafiya lau. Abu ɗaya ya rage.

Ta ce, "Ɗauko min takardar da ka tsara firaimarka."

Na kawo. Ta ɗora yatsa a kan ta baya. "Wane ƙarshen ne 5′ a nan?"

Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Malama, na hagu mana."

"A zaren sama ko a na ƙasa?"

Nan take na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da na yi, da haruffa takwas don ya fito sarai. A ce ƙarshen zaren sama ATGCCTGA ne, a karance daga 5′ zuwa 3′. Abokan zamansu su ne TACGGACT, kuma haka na rubuta. Sai dai wannan jerin, idan an karanta shi daga hagu zuwa dama, daga 3′ yake tafiya zuwa 5′, domin zaruruwan DNA biyu kai da ƙafa suke kwance, inda ɗaya ya sa kai nan ɗayan ya miƙe ƙafa. Kamfani kuwa duk abin da ka aika masa ɗauka yake harafin farko na hagu shi ne 5′. Ba ya tambayarka abin da kake nufi. Abin da ya kamata in aika shi ne TCAGGCAT, wato bayan sauya haruffan a kuma juya jerin daga ƙarshe zuwa farko. Na yi sauyin, na manta juyin. Firaimar da aka haɗa min ba ta da wurin zama a guntun nan ko kaɗan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wannan. Tun 1953 da Watson da Crick suka fitar da siffar DNA aka san zaruruwan biyu ba sa fuskantar gefe ɗaya. Na zana shi a jarrabawa, da kibiya ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, na ci makin. Amma a kaina 5′ da 3′ ado ne da ake maƙala wa zane don malami ya ji daɗi. Ban taɓa ɗaukarsu a matsayin abubuwa na zahiri ba. Lambobin kuwa na ƙwayoyin kabon ne da ke cikin sukarin da ke ƙashin bayan zaren. A na biyar fosfat ke rataye, a na uku akwai OH, kuma a kan wannan OH ɗin kaɗai folimaras, wato mai gina zare irin Taq, ke iya ɗaura sabon harafi. Ba ya gini ta ɗaya ƙarshen, ba ya kuma fara zare daga babu, sai an miƙa masa bakin 3′ a buɗe. Aikin firaima ke nan gaba ɗaya, ta zauna daidai, ta nuna masa hanya.

Shi kansa tantanin halitta bai isa ya karya wannan doka ba. Lokacin da yake kwafar DNA ɗinsa, zare ɗaya yakan tafi salin-alin, ɗayan kuwa guntu-guntu ake gina shi, ana komawa baya ana sake farawa, daga bisani a ɗinke. Su ne guntayen da ake kira da sunan Reiji da Tsuneko Okazaki, mata da mijin nan na Japan da suka gano su a shekarun 1960. Tantani ya yarda ya sha wannan wahalar saboda alkibla, ni kuma ina zaune ina tsammanin folimaras zai yi min kara.

Da dare na zauna na yi lissafin da ya sa jel ɗina ya riƙa fitowa wayam, kuma shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. A duk makonnin nan uku na'urar tana aikinta. Digiri 95 na raba zaruruwa, firaimar gaba na mannewa, a digiri 72 Taq na gini. Amma firaima ɗaya zare ɗaya kawai take kwafa a kowane zagaye, kuma daga ainihin DNA ɗin da ka zuba, domin sabon zaren ba shi da wadda za ta kwafe shi. Zagaye 30, kwafi 30. In da firaimomi biyu ne suna fuskantar juna, kowane sabon zare shi ma zai zama abin kwafa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, a zagaye na 30 lissafi ya haura biliyan ɗaya. Dabarar da ta sa Kary Mullis ya samu kyautar Nobel a 1993 ke nan, kuma ni na sare mata ƙafa ɗaya da biro. Talatin da biliyan. Babu adadin magnisiyam da zai cike wannan tazara.

Wani abin haushin kuma, gwajin da Malama ta yi cikin yini ɗaya ni ya kamata in yi shi tun rana ta biyu. Ina sa bututun da ba DNA a ciki don in kama gurɓata, amma ban taɓa sa wanda na tabbata zai yi aiki ba, don in san ko matsalar daga kayan haɗi take ko daga firaima. Da na sa, da kwana biyu zan ɓata. Yanzu ba na kunna na'ura sai da shi. Ba na kuma tura firaima sai na rubuta 5′ da 3′ a ƙarshenta biyu da jan biro, na zana zaruruwan biyu ɗaya a kan ɗaya, na ɗora firaimar a wurinta na ga bakin 3′ ɗinta yana kallon cikin guntun. Daga nan in sa ta a manhajar nan ta ragwaye ta tabbatar min. Wanda zai tsara firaimarsa ta farko, ya ba wani ya karanta masa ita kafin ya biya kuɗi. Idon da ya yi kuskure ba ya ganin kuskuren, ni na kalli takardar nan ya fi sau goma a cikin makonnin.

Sabuwar firaimar ta iso, na haɗa da tsohon Taq ɗin, a digiri 58, ban canza komai ba. Layi ɗaya ya fito daidai saitin 600 na tsani. Na tsaya ina kallonsa, farin ciki da haushi sun cakuɗe min. Abokin aikin nan da na yi ta harara ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ashe Taq ɗin bai mutu ba." Na ba shi haƙuri a ranar, amma har yau duk lokacin da ya ga na buɗe firiza sai ya tambaye ni ko in duba masa lafiyar Taq.