Abin da 'yan kallo suka koya mini a kan fim mai ban tsoro da ban dariya

Cikin duk finafinan da aikina ya sa na tattara ra'ayin 'yan kallo a kansu, babu mai rikita lissafi kamar wanda ya haɗa ban tsoro da barkwanci. In kuma aka gina shi a kan labarin ɓarayin da aiki ya kwaɓe musu, to rikicin ya ninku, domin an tara mutane iri uku a zaure ɗaya: mai son ganin dabarar sata, mai son gabansa ya riƙa faɗuwa, da mai son ya yi dariya har da riƙe ciki. Kuɗin tikiti ɗaya suka biya, amma ba kaya ɗaya suka zo saya ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai san shi ba. Kafin fim ya fita kasuwa, akan gayyato mutanen da ba su da alaƙa da shi, a haska musu, wani lokaci ma ba a gama gyaran sauti da launi ba. Da an kunna fitila sai a raba musu takardar tambayoyi, sannan a tsayar da kamar mutum ashirin a zauna da su a tattauna. Masu kuɗin fim kuwa layi biyu suke fara leƙawa a rahoton: kashi nawa ne suka ba shi ɗaya daga cikin manyan maki biyu na sama, kuma kashi nawa ne suka ce lalle za su tura abokansu su kalla. Sauran shafukan sai in an sami sarari.

Fim ɗin da ya fi buɗe mini ido, wanda ba zan kama sunansa ba, labarin wasu ɓarayi uku ne da suka shirya sace motar ɗaukar kuɗi. Garin neman ƙiba suka samo rama: cikin duhu da rawar jiki suka sace wata motar mai kama da ita, sai da suka yi nisa suka buɗe baya suka tarar gawa ce a ciki. Gawar kuma ba ta yarda ta zauna inda aka ajiye ta ba. Rabin farko gardama ce da zargin juna da wauta iri-iri, rabi na biyu kuwa jini ne da ihu, amma wautar ba ta tafi ko'ina ba.

Da muka haɗa makin, sai ya faɗo tsakiya. Wanda ya ga wannan lamba kaɗai zai ce fim ne na ba yabo ba fallasa. Amma da aka baje takardun a kan tebur, sai ya zamana da wuya ka sami wanda ya ba shi maki na tsakiya. Tuli biyu ne: waɗanda suka yi ta yabo har suka cike bayan takarda, da waɗanda suka fita a fusace. Lissafin mai sauƙi ne. In mutum biyar suka ba fim maki 9, biyar suka ba shi 2, matsakaicin zai zama 5.5, alhali cikin goman nan babu wanda ya ji 5.5 a ransa. Ra'ayin mutumin da bai shigo zauren ba ne aka rubuta a saman rahoto. Bambancin kuma ba ƙarami ba ne a kasuwa. Fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi" yakan mutu shiru, babu mai ɓata yawu a kansa. Wanda ya raba mutane biyu yana da dakarun da za su yi masa talla kyauta, muddin aka san inda suke.

To me ya raba su? Mun duba shekaru, mun duba maza da mata, mun duba masu yawan zuwa sinima da masu zuwa jefi-jefi, duk ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya raba su shi ne 'yar jimlar da masu gayyata suka faɗa musu. Wasu an ce musu fim ɗin fashi ne mai ɗaukar hankali. Wasu an ce musu abin dariya ne mai ɗan firgitarwa. Akasarin fusatattun daga rukunin farko suka fito. Ɗaya ya rubuta cewa an yaudare shi, ya zo kallon masu wayo sai aka kawo masa sakarkaru da aljanu. Kuma gaskiyarsa. Ba fim ɗin yake yi wa hukunci ba, alkawarin da aka saɓa masa yake yi wa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu bin harkar. Kamfanin CinemaScore na birnin Las Vegas a Amurka, wanda Ed Mintz ya kafa a ƙarshen shekarun 1970, yana tare 'yan kallo a ranar farko ta fitar fim, ya ba su ƙaramin kati su ba da maki, sannan ya haɗa ya fitar da sakamako daga A+ (mafi girma) zuwa F (mafi ƙasa). Da yake masu zuwa ranar farko su ne waɗanda talla ta fi kamawa, makin yana auna ko fim ya cika abin da tallarsa ta ce, fiye da yadda yake auna kyansa. Sanannen abu ne cewa finafinan ban tsoro sukan sha ƙasa a wannan ma'auni. A 2018 fim ɗin Hereditary ya sami yabon kusan kashi 90 cikin ɗari na masu sharhi a shafin Rotten Tomatoes, amma 'yan kallon daren farko D+ suka ba shi. Shi ma wannan shafi, da aka buɗe a 1998, yana da nasa tarkon. Lambar da yake nunawa ba matsakaicin maki ba ce, yawan waɗanda suka ce fim ya yi musu ne, kuma da ya kai kashi 60 an wanke shi. Saboda haka fim ɗin da kowa ya ɗan ji daɗinsa sama-sama yana iya doke wanda rabin mutane suka haukace a kansa. A 2019 ma sai da suka fara ware makin 'yan kallon da aka tabbatar sun sayi tikiti, saboda masu zuba maki a kan abin da ba su kalla ba. Ni yanzu in na ga lamba a intanet, tambayata ta farko ita ce su wa aka ƙirga, kuma me aka ce musu kafin su shiga.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne na dariya. Mukan zauna a bayan zaure da agogo da littafi, muna rubuta mintin da aka yi dariya, da wanda aka ja numfashi, da wanda kujeru suka fara ƙara don mutane sun ƙosa. Abin da kunne ya ji da abin da takarda ta ce sau da yawa ba sa jituwa. Za ka ga mutum ya yi ta ƙyaƙyatawa har yana bugun cinya, amma a takarda ya rubuta cewa shirme ne. Wani kuma ya rufe ido da tafin hannu, ya zo ya rubuta wai bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. A cikin duhu jiki ne ke amsawa, da an kunna fitila kuma sai mutunci ya karɓi biro. Ga kuma tasirin taro: Robert Provine na Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, wanda ya daɗe yana nazarin dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai. Don haka wanda ya kalli irin wannan fim a cikakken zaure da wanda ya kalla a wayarsa a kwance, kusan ba abu ɗaya suka gani ba, ko da yake makinsu wuri ɗaya zai je ya haɗu.

Dariyar ita kanta ba iri ɗaya ba ce, kuma rarrabe ta shi ne rabin aikin. Akwai wadda ke zuwa bayan firgita, lokacin da mutum ya saki numfashin da ya riƙe. Ita ce masu irin wannan fim suke nema. Dolf Zillmann ya yi bayanin tushenta tun 1971: bugun zuciya da tashin jiki da wani abu ya jawo ba sa kwantawa nan take, sai ragowarsu ta zuba cikin abin da ya biyo baya ta ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa ɗan barkwancin da ba zai motsa kowa ba a fili yake kayar da zaure in ya zo bayan gawa ta miƙe zaune. Akwai kuma dariyar raini, wadda ake yi wa fim ɗin kansa. Ita takan zo da wuri, tun abin tsoron bai gama faruwa ba, kuma tana tafe da surutu: mutum ya juya ga na kusa da shi ya faɗi wata magana. In na ji ta, nakan ja layi biyu a ƙarƙashin mintin, domin an rasa zauren a nan, kuma dawo da shi aiki ne ja. Abin mamaki, tsakanin waccan da wannan wani lokaci daƙiƙa biyu ce kawai a hannun mai tace hoto.

Sai batun ɓarayin. Ba don ado ake gina irin wannan labari a kan masu laifi ba. Da a ce bayin Allah ne gawa ta hana sakat, da tausayi ya toshe dariya. Amma da yake su suka kai kansu, mai kallo yana samun lasisin yi musu dariya, yana cewa alhaki ne. Peter McGraw da Caleb Warren sun kawo ra'ayi a 2010 cewa abu yana ba da dariya ne in ya keta wata ƙa'ida amma a lokaci guda mai kallo yana ganin ba shi da illa. Laifin ɓarayin shi ke rage illar a idon mai kallo. Sai dai igiyar siririya ce. In suka cika mugunta babu mai jin tsoro dominsu, sai dai a yi ta Allah ya ƙara. In suka cika ban tausayi kuma, dariya ta ƙare.

A fim ɗin namu, direban ɓarayin ne mutane suka ɗauka suka sa a rai: matsoraci, mai yawan addu'a in abu ya ɓaci, wanda bashi ne ya jefa shi cikin harkar. Kuma shi aka fara kashewa. Takardu da dama, har da na masu yabon fim ɗin, sun ce a bar shi da rai. Masu kuɗi suka ce to ai magana ta ƙare, a sake ɗaukar fitowar. Darakta ya ƙi. Ya nemi littafin da muka rubuta mintuna a ciki, ya nuna cewa lokacin mutuwar zaure tsit ya yi, babu kujerar da ta motsa, wato abin ya shiga. Inda aka fara gunaguni shi ne fitowar da ta biyo baya, inda sauran biyun suka hau gardama a kan wa zai gaji takalminsa. Barkwanci ne mai kyau, amma ya zo mutane ba su gama jimami ba, sai ya zama kamar fim ɗin yana yi musu dariya don sun damu. Ya matsar da gardamar takalmin zuwa can gaba, ya bar ɗan shiru a gurbinta. A haskawa ta gaba direba ya mutu kamar yadda ya mutu a da, koke-koken kuwa suka ragu ƙwarai. Mai kallo kamar majinyaci ne: in ya nuna maka wurin da ke masa ciwo ka yarda da shi, amma ba shi ke rubuta magani ba. Tun daga nan nake raba kowace amsa gida biyu a rahoto, abin da mutum ya ji da abin da ya ba da shawara, kuma na farkon nake ba nauyi.

Zaman tattaunawa na bayan fim kuwa ban cika dogara da shi ba. Mutum ɗaya mai baki ya isa ya juya sauran. Da ya ce ƙarshen bai yi ba, sai ka ga waɗanda suka yabi ƙarshen a takardarsu suna gyaɗa kai. Shi ya sa muke karɓe takardu kafin kowa ya buɗe baki. Ko takardun ma, ana cike su ne mintuna kaɗan bayan fitowar ƙarshe, don haka ita ke cinye kaso mafi tsoka na hukuncin. Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun nuna a 1993 cewa mutane suna tuna abin da ya same su ne ta wurin ƙololuwarsa da ƙarshensa, ba tsawonsa ba.

Gardamar da ta rage, wadda har yau ake yi duk lokacin da irin wannan fim ya zo, ita ce ta talla. Darakta yakan so a ɓoye juyin, mutane su shiga da zaton fim ɗin fashi, sai gawa ta ba su mamaki. Sukan kafa hujja da From Dusk Till Dawn na 1996, wanda ya fara da wasu 'yan'uwa biyu 'yan fashi da ke tserewa zuwa Meziko, can tsakiya ya rikiɗe ya koma na masu shan jini. Na fahimci kwaɗayin, domin a takarda dabara ce mai daɗi. Amma ni da na ƙirga takardun fusatattu da hannuna, ina bayan masu cewa a nuna. Ba sai an tona yadda labari zai ƙare ba. A bar gawar ta ɗan motsa a cikin talla, a bar ɓarawo ɗaya ya yi wautarsa a gabanta, yadda wanda ba ya son wannan haɗin zai riƙe kuɗinsa, wanda yake so kuma ya taho da abokansa. Mamakin da ake tattali sau ɗaya yake aiki, a daren farko. Zuwa wayewar gari labari ya bazu, kuma waɗanda suka ji an yaudare su ne suka fi saurin baza shi.