Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Baba Tsakanin Sitiyari da Garma

Makon jiya na tsaya a inda Baba, Allah Ya jiƙansa, ya fara ɗaukata a mota lokacin hutun makaranta. Shekarata 12, ba ni da aikin da ya wuce riƙe fitila da miƙa sifana.

Motar ta ɗaukar kaya ce, tsohuwar Mercedes mai guntun hanci, irin waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, bodinta na katako. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Kullum kafin gari ya waye sai ya zagaye ta: ya zaro sandar auna baƙin mai, ya leƙa ruwan lagireto, ya taɓa fambel, sannan ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bubbuga su da guntun ƙarfe, kunnensa a karkace. Tayar da iskarta ta ragu amonta daban ne, ni dai na shekara ban iya bambancewa ba. A wurinsa na ji cewa injin dizal ba ya buƙatar filogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Shi ya sa ba ya yarda tanki ya ƙafe, don idan iska ta shiga layin mai, sai an sha famfon hannu kafin mota ta tashi.

Abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne gangara. "Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka," in ji shi. Mai lodi idan ya dogara da birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa a daidai inda ake neman sa.

Amma duk wannan sanin mota, zuciyarsa tana gona. Na gane haka ne a shekarar da na yi tafiya ta uku da shi. Ƙarshen bazara ne, an riga an yi sharar gona, an watsa taki, iri yana ɗaure a rumbu. Aka kawo masa lodi mai tsoka, ya ce kwana biyu ne mu dawo. A hanyar dawowa sipirin na baya ya karye a wani rami, nesa da kowane gari. Yaron motarsa ya tafi neman bakanike da kayan gyara, mu muka zauna gadi. A daren farko hadari ya taso daga gabas, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Muna ƙarƙashin tamfol, ina murna an samu sanyi, na ga Baba ya miƙa hannu waje ya damƙo ƙasa, ya murza ta, ya shinshina. Bai ce komai ba sai can: "Ruwan shuka ne wannan, ɗana."

Kwana shida muka yi a wurin. Da muka iso, gonakin maƙwabta har sun fara tsiro, tamu kuwa ƙasa ta sha iska. Sai da aka jira wani ruwan, shi ma ya yi jinkiri. Hatsinmu ya biyo baya a makare, damina ta ɗauke yana cikin fitar da kai, zangarniya ta fito ba nauyi. Kuɗin wancan lodin, da sipirin ya riga ya ci rabinsa, bai kai ya cike gurbin rumbu ba. Har yanzu ina tuna Inna tana auna abin da ya rage da ido, ba ta ce masa uffan ba, shi ma bai ɗaga kai ba.

Daga shekarar nan, da zarar hadari ya fara haɗuwa, sai ya kai motar gindin bishiya, ya cire batir ya shigar ɗaki, ya sa duwatsu a tayoyi. Masu kaya su zo su yi ta roƙo, wasu har su ninka kuɗi, yana kaɗa kai yana gyara ƙotar fartanya. Ba ta sake motsi sai an gama noman farko.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo ranar da ya fara miƙa mini sitiyari.