Godiya ga Abokan Karatunmu na Laburare

Alhamdu lillahi, jiya muka rufe littafi na huɗu kuma na ƙarshe a zangon karatunmu na ƙagaggun labaran da suka hango duniyar da mulki ya danne ɗan Adam har ya shiga tsakaninsa da tunaninsa. Wata huɗu cur muna haɗuwa duk Asabar, kuma ba zan iya yin shiru ban gode ba.

Hajiya mai kula da laburare, Allah ya saka miki da alheri. Kwafi uku kacal muka samu na "1984" na George Orwell, mu kuwa goma sha ɗaya, sai kika zana jadawalin aro da hannunki, kowa kwana biyar. Sau nawa lokacin tashi ya wuce muna musu, kina zaune da makulli a hannu, ba ki taɓa kashe mana fitila ba.

Baba, dattijonmu, ku kuka dage mu fara da "We" na Yevgeny Zamyatin, inda mutane ke amsa lamba maimakon suna, suna kwana a gidajen gilashi. Mun yi ta ƙorafin yana da nauyi, sai da kuka gaya mana cewa Tarayyar Sobiyet ba ta bari an buga shi ba sai 1988, sannan muka nutsu. Ranar da aka yi ta kai-komo kan wanda ya fi ban tsoro, bulalar Orwell ko ƙwayar mantuwa ta Aldous Huxley a "Brave New World" na 1932, ku kuka raba gardamar da labarin cewa Huxley ya koyar da Orwell Faransanci a makarantar Eton, kuma a 1949 ya rubuta masa wasiƙa yana ganin nasa hasashen ya fi kusa da faruwa. Ni dai har yau ina bayan Huxley, domin wanda aka shagaltar da daɗi ba ya ma neman mafita.

Ƙanwarmu, autar ƙungiya, ke kika sa idona ya kawo ruwa. Mun zo ƙarshen "Fahrenheit 451" na Ray Bradbury, inda aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙona littattafai, wasu kuma suka haddace su don kada su ɓace. Kika miƙe tsakanin kantocin nan, kika rufe littafin, kika kawo mana shafi guda da ka. Ɗakin ya yi tsit.

Sauran 'yan'uwa, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wanda duk littafin aro ke hannunsa, don Allah ya mayar wa Hajiya kafin Asabar.