Watan Oktoba a wurin aikinmu

A asibitin da nake aikin nas a nan Ingila, da Oktoba ya kama sai a manna hotuna a bangon kantin cin abinci, wai watan tarihin baƙar fata ya zo. A Amurka Fabrairu suke yi, nan kuwa wani ɗan Ghana ne, Akyaaba Addai-Sebo, ya assasa abun a Landan a 1987. Hoton Mary Seacole kam kullum yana nan, matar Jamaika da ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya, sai kuma Kofoworola Pratt, 'yar Legas da ta yi karatun nas a asibitin St Thomas da ke Landan, tana cikin baƙaƙen farko da suka yi aiki a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Sannan a ware rana ɗaya kowa ya kawo abincin garinsu. Ni masa nake kaiwa da miyar taushe, tunda jalof an bar wa Yarabawa da 'yan Ghana su yi ta musu, Turawa kuma na gefe da faranti suna tambaya da yaji?

Abun da na ƙaru da shi dai ba a bango na karanta ba, a aikin dare na ji shi, wajen ƙarfe uku idan marasa lafiya sun samu barci. Akwai wata dattijuwa a sashenmu, Anti muke ce mata, iyayenta daga Jamaika suka zo. Mamanta ta zo karatun nas amma aka tura ta kwas ɗin shekara biyu, wanda takardarsa ba ta kai mutum ko'ina, haka aka yi wa 'yan Karebiyan da yawa a lokacin, su yi ta wankan marasa lafiya da kwashe fo har ritaya ba ƙarin girma. Gidan haya ma wahala, banki kuma ba ya ba su bashi, to ya suka sayi gidaje? Adashe wallahi. Kowa ya zuba duk sati, akwai uwar adashe, kwasa ta zagayo a kai kuɗin gida. Na ce Anti ai wannan sana'ar kakata ce a Fagge, ta yi dariya har sai da ta riƙe tebur.

Ita ta ba ni labarin birnin Bristol, 1963, kamfanin bas ya ƙi ɗaukar baƙi da 'yan Asiya aikin direba ko kwandasta, mutane suka ƙaurace wa bas kusan wata huɗu har kamfanin ya sauko, bayan shekara biyu aka yi dokar farko ta hana wariyar launin fata. Mu da muka zo jiya-jiya da biza muka tarar ana ɗaukar mu aiki ba gardama, ashe wasu ne suka sha tafiyar ƙafa. Kuma duk da haka a 2018 aka bankaɗo yadda aka kori wasu 'yan zamanin Windrush, wato 'yan Karebiyan da suka zo Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu, daga aiki, wasu har daga ƙasar, mutanen da tun suna yara suke nan.

Bikin ba laifi, ina jin daɗinsa. Amma ranar ɗaya ga Nuwamba an cire hotuna, kuma idan ka leƙa sashenmu da dare kusan duk mu ne, ka leƙa taron manya da safe sai ka ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya. Anti ba ta ɓata bakinta a kan wannan, duk sanda gurbin ƙarin girma ya fito sai ta turo min a WhatsApp, ta ce 'yata ki cike, in na fara cewa ban kai ba ta ce wa ya tambaye ki. Ita ke min tambayoyin intabiyu lokacin hutu, ta hana ni sunkuyar da kai, tunda abun da mu muke ɗauka kunya ce da ladabi su Turawa a wajensu rashin sanin aiki ne. Ni kuma nake karɓar mata aikin Kirsimeti ta karɓar min na Sallah, da azumi kuwa ita ke tsaya min minti goma in sha ruwa.