Abin da na ɗauka daga aikin Alan Rabinowitz, da wanda na ajiye masa

Wanda ya karanta ilimin namun daji har ya kai ga darasin manyan maguna, wato zaki da damisa da danginsu, da wuya ya wuce bai ci karo da sunan Alan Rabinowitz ba. Ba'amurke ne, haifaffen Brooklyn a birnin New York a 1953, ya kuma rasu a watan Agustan 2018 bayan ya shafe shekaru yana fama da sankarar jini. Ni na san shi ne ta takarda, lokacin da nake digiri na biyu ina bincike a kan rikicin makiyaya da namun dawa masu kama musu dabbobi. Daga baya da na fara aikin daji, sai na tarar wasu abubuwan nasa suna bi na, wasu kuma na ƙi yarda su bi ni.

Malamai sun fi son fara labarinsa da i'ina. Yana yaro maganarsa ba ta fita sai da kyar, har makaranta ta haɗa shi aji ɗaya da yaran da ake ganin suna da matsala. Amma idan ya keɓe da dabbobi harshensa yakan sake. Shi da kansa ya sha faɗin cewa a gidan ajiye namun daji na Bronx ya yi wa wata tsohuwar jaguwa, wato damisar nahiyar Amurka, alƙawarin zai zama bakinta in ya samu nasa. Labari ne mai daɗi, ɗalibai ma suna son sa. Sai dai bai koya mini yadda ake aiki ba.

Aikinsa a ƙasar Belize da ke Amurka ta Tsakiya ne ya koya mini. Bayan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Tennessee a 1981, fitaccen masanin namun daji George Schaller ya tura shi can ya yi nazarin jaguwa, wadda ta fi damisarmu ƙiba da ƙarfin muƙamuƙi. Ya zauna a kwarin Cockscomb, yana kama su yana saka musu abin wuya mai rediyo don ya san inda suke kwana da inda suke farauta. Masu kiwon shanu a yankin sun riga sun yanke hukunci cewa kowace jaguwa ɓarauniya ce, duk wadda aka gani a harbe. Shi kuwa sai ya riƙa duba gawarwakin waɗanda aka kashe bisa laifin cin shanu, ya tarar yawancinsu na ɗauke da tsofaffin raunukan bindiga, wasu a kai, wasu haƙora sun lalace. Dabbar da ba ta iya kama naman dawa kuma, ina za ta nufa in ba garke ba? Wato harbin da ake yi don kare shanu shi ne yake haifar da ɓarayin shanun. Tun da na karanta wannan, duk ƙorafin da aka kawo mana cewa wani abu ya kashe saniya ko tunkiya, ba na rubuta komai sai na je na ga mushen, na duba sawu da wurin cizo, na tambayi a ina dabbar ta kwana. Sau da yawa ana cewa damisa, sai a tarar kura ce, wani lokaci ma karnukan gari. Makiyayin ba ƙarya ya yi ba, da dare abin ya faru, shi kuma asara ya gani.

A Belize ɗin dai Rabinowitz ya shiga gaban firayim minista da ministocinsa don neman a keɓe wa jaguwa gandu. Minti 15 aka ba shi, mutumin da maganar minti ɗaya ke yi wa wuya, amma zaman ya zarce sa'a guda. Ya yi musu zancen baƙi masu yawon buɗe ido da kuɗin da za su shigo, abin da gwamnatin ƙaramar ƙasa marar wadata za ta iya saurara. A 1986 Cockscomb ya zama gandu na farko a duniya da aka keɓe domin jaguwa. Mu masu bincike mukan rubuta rahoto mai kauri cike da jadawali, mu ajiye a teburin wanda ba zai buɗe shi ba, sannan mu ce ba a damu da daji ba. Yanzu in zan je gaban hakimi ko arɗo ko shugaban ƙaramar hukuma, nakan fara tambayar kaina me ke hana shi barci, daga nan nake shiga.

Darasin da ya fi nauyi ya zo masa ne daga baya, kuma ya rushe tunaninsa na farko. Binciken ƙwayoyin halitta a kusa da shekarar 2000 ya nuna jaguwar Meziko da ta Ajantina ba su rabu gida-gida ba kamar yadda ake zato, jini ɗaya ne yake gudana tsakaninsu. Ke nan samarin jaguwa na barin gandu, su ratsa gonaki da wuraren kiwo da bakin koguna har su isa wani dajin su yi aure a can. Gandu kaɗai, komai tsaronsa, tsibiri ne da zai ƙare da auren dangi. Daga nan ya ƙirƙiro shirin hanyar jaguwa mai ratsa ƙasashe 18, wanda ya zama babban aikin Panthera, ƙungiyar kare manyan maguna da suka kafa da attajiri Thomas Kaplan a 2006. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa zai gane abin nan take, domin burtali ne. Ba a korar manomi daga gonarsa, amma a bar wata 'yar hanya da dabba za ta bi ta wuce, kuma ranar da aka nome ta rigima ta fara.

Inda na rabu da shi shi ne Myanmar, ƙasar da ke nahiyar Asiya. Ya yi aiki mai yawa a can, a tsaunukan arewacin ƙasar ya gano wata ƙaramar barewa da kimiyya ba ta sani ba a 1997, ya kuma shawo kan gwamnatin soja ta keɓe kwarin Hukawng, wanda ya zama gandun damisa mai ratsi mafi faɗi a duniya. An zarge shi da zama da azzalumai, shi kuma hujjarsa ita ce dabba ba za ta jira dimokuraɗiyya ba. Wannan hujjar ba na ƙin ta, mu ma da wanda muka samu a kan kujera muke aiki. Damuwata ita ce abin da ya biyo baya. Haƙar zinare ta ci gaba a cikin kwarin, an ba wani babban kamfani filaye ya shuka rogo da rake, an tashi talakawa daga gonakinsu, yaƙi ya sake ɓarkewa a jihar Kachin, inda kwarin yake, a 2011, damisar kuma ta yi ta raguwa. Sa hannun janar ya ba da gandu a taswira, bai ba da mai gadi ko yardar mazauna wurin ba. Ko a Cockscomb ma sai da aka tashi wasu iyalan ƙabilar Maya daga ciki, abin da masu yabo ba su cika ambata ba. Shi ya sa idan na ji an ƙaddamar da sabon gandu da biki, nakan tambayi nawa aka ware na albashin masu sintiri, kuma su wa aka zauna da su kafin a ja iyaka.

Aikin ƙungiyarsa ya iso har ƙofarmu. Philipp Henschel na Panthera ya jagoranci binciken zakunan Afirka ta Yamma da aka wallafa a 2014. Sun tantance gandaye 21 da ake cewa akwai zaki a cikinsu, huɗu kawai suka tabbatar: Niokolo-Koba a Senegal, da haɗakar W da Arly da Pendjari a kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Tafkin Kainji da Yankari a Najeriya. Jimillar da suka ƙiyasta ba ta wuce kimanin 400 ba, kusan kashi 90 cikin 100 a haɗakar nan ɗaya. Sauran gandayen 17 suna nan a taswira da sunayensu da iyakokinsu. Tsakanin Yankari da Kainji kuwa akwai ɗaruruwan kilomitoci na gonaki da garuruwa da kwalta, babu hanyar da saurayin zaki zai bi daga wannan ya kai wancan da rai.