Yadda na nemi tallafin rashin lafiya ina direban tasi mai zaman kansa a Ingila

A watan Mayun 2024 aka yi mini tiyata a ƙashin baya, likita kuma ya hana ni zama bayan sitiyari na wasu watanni. Shekara tara ina tuƙin tasi a Birmingham, motar tawa ce, babu wani kamfani da ke biya na albashi, saboda haka ranar da na kwanta ranar ce kuɗi suka daina shigowa. Na san cewa kuɗin jinyar da doka ta wajabta wa mai gida ya biya ma'aikacinsa, wanda ake kira SSP, ba ya shafar mai aikin kansa, sai na ɗauka ke nan ba ni da haƙƙin komai. Mako bakwai na yi ina cin ɗan abin da na tara kafin akawun da ke cika mini takardun haraji ya tambaye ni ko na nemi ESA.

ESA tallafi ne da ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ke bai wa wanda ciwo ya hana shi aiki, kuma sabon tsarinsa ba ya duba ajiyar mutum ko albashin matarsa. Abin da yake dubawa shi ne gudummawar inshorar ƙasa da mutum ya biya a cikakkun shekarun haraji biyu da suka gabata. Shekarar haraji a nan tana farawa ranar 6 ga Afrilu, kuma ga wanda ya nema a 2024, shekarun da aka duba su ne 2021/22 da 2022/23. A nan gabana ya faɗi, domin 2021/22 ita ce shekarar da annobar korona ta karya mana kasuwa, ribata ba ta kai fam 6,515 ba, adadin da a lokacin a ƙasa da shi ba a tilasta wa mai sana'a biyan gudummawar. Ashe a lokacin akawun ya lallashe ni na biya don raɗin kaina, fam 3.05 a mako, abin da bai kai fam 160 a shekara ba. Na tuna har gunaguni na yi masa cewa asarar kuɗi ce. Da ban biya ba, da wannan shekarar ta zama giɓi a lissafina, kuma ana bukatar shekarun biyu su cika.

Neman kansa ta intanet na yi shi, da lambar inshorata da bayanan asusun banki da takardar likita mai shaida cewa ba zan iya aiki ba. An yarda a mayar da ranar fara biya baya har wata uku, wannan ne ya ceci makonnin da na ɓata, amma sai da na koma wurin likitan unguwarmu ya rubuta takardar da ta haɗa har da waɗancan kwanakin. Kwana bakwai na farko ba a biya. Bayan hira ta waya da wani jami'i, kuɗi suka fara shigowa duk mako biyu, fam 90.50 na kowane mako. Gaskiya kuɗin ba su isa ko inshorar mota da lasisin tasi da suka ci gaba da cin aljihuna motar tana ajiye ba, sai dai sun riƙe cefane.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne fom ɗin tantance ƙarfin aiki, ESA50. Mu Hausawa an raine mu da cewa idan an tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da ba ka iya tashi. Da wannan halin na cika shi da farko, har matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta karanta ta ce wanda ya rubuta wannan lafiyarsa ƙalau. Tambayoyin ba sunan ciwo suke nema ba, suna so ne a faɗi minti nawa mutum zai iya zama, mita nawa zai taka kafin zafi ya tsayar da shi, da ko zai iya maimaita hakan a yini. Muka sake cikawa bisa yadda yawancin kwanakina suke, har da cewa a zaune nake salla, muka haɗa da wasiƙar asibiti.

Na kuma duba Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, amma shi yana lissafa kuɗin shigar miji da mata tare, kuma ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana shi gaba ɗaya. Albashin matata ya fitar da mu. Ga 'yan'uwa masu bizar da ta hana cin kuɗin gwamnati, Universal Credit yana cikin abin da aka haramta, alhali ESA na gudummawa ba ya ciki.

Doka ta yarda mai karɓar ESA ya yi aikin da bai kai awa 16 a mako ba, muddin ribar ba ta wuce iyakar da aka sa ba kuma ya sanar. Da haka na fara komawa a watan Oktoba, awa biyu da safe, ina rubuta kowace awa da kowane fam a littafi. Da na koma aiki sosai a Nuwamba na kira na rufe neman a ranar. Kuɗin ESA ana biya musu haraji, don haka na ajiye wasiƙar jimillarsu na miƙa wa akawun tare da rasit ɗin mai na wannan shekarar.